Ramar da Aka Yi wa Labule

Abubuwa da yawa na ƙuruciyata a London sun shuɗe daga kaina, har sunayen wasu 'yan ajinmu sai na yi ta lalube kafin in tuno. Amma shekarar da muka shuka rama a ƙofar flat ɗinmu tana nan daram, kuma na san ba za ta goge ba muddin ina numfashi. Ko yau in na ji warin man darbejiya, sai in ga kaina tsugune a hawa na uku da kwalbar feshi a hannu, wani zanen gado mai shuɗin fure yana kaɗawa a bayana.

A ƙarshen shekarun 1980 ne, ina ajin ƙarshe na firamare. Muna zaune a wani ginin council, wato gidajen haya na ƙaramar hukuma, da ba shi da nisa da kasuwar Whitechapel, ni da Umma da Baba, don ni kaɗai Allah ya ba su. Ginin irin mai doguwar baranda ne, wadda kowa ke bi ya isa ƙofarsa, kuma tamu ce ƙofar ƙarshe. Baba yana gadi a wani ofis a Aldwych, yana kuma karatu. Takardunmu na zama suna ofishin shige da fice a Croydon ana dubawa, saboda haka dokarsa a gida ɗaya ce: kada a yi rigima da kowa, kada a ja hankalin kowa. Ni dokar ba ta taɓa yi mini wuya ba. Kunya gare ni irin wadda ko malama ce ta kira sunana sai kunnuwana su ɗau zafi. Abin da na iya shi ne kallo. Na san ƙofar da ake bugawa da ƙarfi da wadda ake turawa a hankali, na san wanda ya sake labule, na san kyanwar da ke satar madara.

A farkon shekarar aka yi wa Umma aiki a ciki. Ta dawo gida kamar an sauya ta. Awarwaron da ke tsayawa a wuyan hannunta ya koma yana gangarawa har kusa da gwiwar hannu. Abinci ya fita ranta gaba ɗaya. Baba ya yi iya ƙoƙarinsa a kicin, wata Hajiya mutuniyar Gana da ke hawa na ɗaya ta dinga hawowa da tuwo da miyar ayoyo, amma Umma sai ta taɓa ta ture kwano, ta ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake mata. Likita ya faɗa mana a fili: in ta ci gaba da ramewa haka, za su sake kwantar da ita. Umma kuwa babu abin da take tsoro kamar komawa wancan gadon.

Wata rana ina tsefe mata kai, ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, "Da zan sami kwaɗon rama, ina jin zan ci."

Da Baba ya dawo na raɗa masa. Ya zaga kasuwanni har ƙetaren kogi, duk inda aka ce masa ana sayar da kayan miyar Afirka. Ya samo kuɓewa, ya samo busasshiyar shuwaka, rama kam babu wanda ma ya san ta. Umma ce daga baya ta tuna cewa ranar da za mu baro gida, mahaifiyarta ta cusa mata wani ƙulli a akwati. Na zaro shi daga ƙarƙashin zannuwa, tsumma ne da ya koɗe, a ciki akwai 'yan ƙananan iri baƙaƙe masu kusurwa.

"Na yi mata dariya a lokacin," in ji Umma. "Na ce Inna, a ina zan yi shuka a ƙasar da ko ƙasa ba a takawa?"

Baba ya sayo ƙasar shuka a leda, muka zuba a bokitan fenti da wata tsohuwar robar wanki da muka huda wa gindi. Irin ya kwana biyu, ba duka ya tsiro ba, amma waɗanda suka fito sun fito da ƙarfinsu. Da iska ta yi ɗumi muka fitar da su baranda, muka jera a jikin ƙarfen da ke gaban ƙofarmu, inda rana ke faɗowa tun hantsi. Umma ta sa aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa. Ta hana a tsinki ko ganye ɗaya, ta ce rama in an dafa ta ƙanƙancewa take yi, a bari ta yi yawan da za ta cika tukunya. A kan wannan jira ta fara karɓar ɗan kunu da shayi. "Ina riƙe cikina ne kafin ramata ta isa," haka take cewa.

Ni ce mai ba su ruwa, don haka ni na fara ganin abin da ya ba ni mamaki. Ganyen farko masu faɗi ne, kamar zuciyar da muke zanawa a makaranta. Amma da tsiron ya wuce gwiwata, sai sababbin ganyen suka fara fitowa a rarrabe, dogaye sirara masu baki kamar zarto, kai ka ce tafin hannu ne aka buɗe yatsunsa. Na nuna wa Umma, ta ce ai haka rama take in ta fara girma.

Ƙofar da ke kusa da tamu ta wata tsohuwar Baturiya ce, ita kaɗai da kyanwarta. Tun da muka tare, gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga kai ba. Doguwa ce, ta ɗan ranƙwafa, kullum da rigar sanyi ruwan toka ko ana zafi. A gidanmu Mai Kyanwa muke ce mata. Wata safiya ina ba da ruwa na ga ta tsaya tana kallon bokitanmu. Ta daɗe. Ta kalli ganyen, ta kalli Umma da ke gyangyaɗi a kujera, sannan ta leƙa tsakar ginin a ƙasa, ta koma ɗakinta.

Washegari muka tashi muka tarar ta ɗaura igiya. Zanen gado guda ta shanya shi a tsaye a jikin ƙarfen baranda, daidai gaban shukarmu. Na biyun, mai shuɗin furen, ta gitta shi a kan hanya tsakanin ƙofarta da tamu, sai mun ɗaga shi za mu wuce. Muka ɗauka shanyar yini ɗaya ce. Amma da yamma ta kwashe, da sassafe ta mayar, haka kullum.

Ran Baba ya ɓaci, na gani a yadda yake ɗaga zanen da ɗan yatsa ɗaya. "Katanga ta yi mana," ya ce. "Ba ta son buɗe ƙofa ta gan mu. To a bar ta. Kada wanda ya tanka, kada a je a yi mana report a council."

Ni ma abin ya yi mini ciwo, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Zannuwan ba jiƙaƙƙu ba ne. Duk lokacin da na ɗaga mai shuɗin furen, a bushe yake ƙaƙas, da layin ninki a jikinsa, yana ƙanshin kafur irin na kayan da suka daɗe a kabad. Wa ke shanya busasshen zane? Na juya tambayar a raina, ban gaya wa kowa ba.

Ba a jima ba cutar ta zo. Da farko wasu 'yan fararen tabo na gani a ganyen ƙasa, kamar an yi tankaɗe a kusa gari ya sauka. Na goge da yatsa, suka fita, na ji daɗi. Bayan kwana biyu suka dawo, sun fi da yawa. Suka haɗe suka zama farar funfuna shimfiɗe a kan ganyen, ganyen ya fara rawaya yana nannaɗewa. Na yi ta juya bokitan ina mai da gefen da ya lalace baya don kada Umma ta gani, amma ta gani. Ranar dai ko kunun ba ta sha ba.

Baba ya ce zai sayo maganin feshi a shagon kayan lambu. Hajiya tana zaune, ta ajiye kofin shayinta. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta.

"Malam, wannan ganye matarka ne zai ci. Mutum ya fito asibiti, ka ba shi guba a kwano?"

"To Hajiya, mu zuba ido ta mutu?"

"Wa ya ce? A samo man nim, wanda ku kuke ce wa darbejiya. A gida da shi muke korar ƙwari a wake da kayan lambu. Wannan farin abu ban sani ba ko zai ji, amma ko bai ji ba, ba zai kashe mutum ba."

Umma ta buɗe ido ta ce, "Ku dai kada ku mai da mini rama shuwaka." Rabon da mu ji ta yi raha har mun manta, sai duk muka yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar.

A wani shagon mutanen Bangaladash muka samo man, cikin 'yar ƙaramar kwalba, a jere da mayukan gashi. Hajiya ta koya mini haɗin. Ruwa mai ɗumi, a narka ɗan sabulun salo a ciki, don in babu sabulu man ba ya yarda ya gauraya, sai ya taru a sama. Sannan a ɗiga man kaɗan, a girgiza har ruwan ya yi fari. Da kwalbar da Umma ke yayyafa ruwan guga nake feshin, sama da ƙasan kowane ganye, kuma sai da yamma, don Hajiya ta ce in rana ta sami mai a kan ganye toya shi za ta yi. Waɗanda suka lalace sosai in tsinke su in ƙulle a leda in kai bola. Ruwan sha kuma a gindi kawai, ban da jiƙa ganye. Warin man kamar tafarnuwa ce da ƙonanniyar gyaɗa, ya kama mini yatsu har 'yar da muke zama benci ɗaya a makaranta ta tambaye ni me muke dafawa a gida.

Maganin ya yi aiki, amma bai gama ba. In na fesa, farin ya lafa, sai in ga ya ɓullo a wani reshen. Robar wankin gaba ɗaya ta tafi, dole muka tuge abin da ke cikinta. Hajiya ta hawo wata Asabar, ta ɗaga zanen ta shigo, ta tsaya a tsakiyar bokitan tana shaƙar iska.

"Yarinya, nan wurin ba ya numfashi. Babu rana, babu iska, kamar cikin banɗaki. Ko ka zuba kwalba goma, in wannan tsumma yana nan, banza ne. Bari in je in gaya wa tsohon nan."

"Hajiya, don Allah," in ji Baba da sauri. Ya san bakinta. "Saura kaɗan a kira mu Croydon. In ta kai ƙara fa? A haƙura, Allah zai kawo mafita."

Aka bar maganar a nan. A makon aka kai Umma asibiti aka auna ta, suka dawo Baba yana ta sharar gumi ba tare da ana zafi ba. Na ji yana gaya wa Hajiya a bakin ƙofa cewa an yi musu booking na wani awon, in ba ta ƙaru ba to sai kwanciya.

Ranar Lahadi da hantsi Baba yana wurin aiki, Umma tana barci. Na fito na tsaya a bayan zanen mai shuɗin fure, ina kallon yadda rana ke dukansa ta waje, mu kuma muna cikin inuwa. Bokiti uku suka rage masu rai. Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na dai ga hannuna ya ɗaga zanen, ƙafafuna sun kai ni ƙofarta, na ƙwanƙwasa a hankali yadda na yi fatan ba za ta ji ba. Ta ji.

Da Turanci muka yi maganar, amma ga yadda ta kasance. Na sunkuyar da kai ina kallon silifas ɗinta, na ce don Allah ko za ta cire zannuwanta, suna tare wa shukarmu rana, shukar tana mutuwa, kuma mahaifiyata tana bukatarta.

Ta leƙa dama da hagu, ta kama hannuna ta jawo ni ciki, ta rufe ƙofa. Falonta ƙarami ne, yana ƙanshin kafur ɗin nan, ga hoton wani dattijo mai hular soja a kan talabijin.

"Na san tana bukata, 'yata," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ina da ido. Amma ba za ku bar shi a fili haka ba. Mai kula da ginin nan yana zagawa, daga tsakar gida ana hango komai. In aka kira 'yan sanda, mahaifinki fa? Ku da ba 'yan ƙasa ba, ba za su tsaya sauraronku ba."

Na ɗago kai, karo na farko. Na ce me ya haɗa 'yan sanda da ganyen miya?

Ta yi ɗan murmushi irin na wanda ke cewa na gane, ba sai kin ɓoye mini ba. "Ganyen miya, haka ne. Haka za ki ce wa duk wanda ya tambaye ki." Sai ta juya ga hoton. Ta ce mijinta ne. Ciwon daji ne ya kashe shi, a ɗakin nan, kuma a watanninsa na ƙarshe babu abin da yake iya haɗiyewa. Wani abokin aikinsa ne ya dinga kawo masa wannan ganyen a ɓoye, shi ne kaɗai abin da ke sa shi ya ci ɗan biredi ya yi barci. "Ban taɓa karya doka ba a rayuwata," ta ce, "amma ban hana ba. Da na ga mahaifiyarki a kujerar nan, na ga hannayenta, na ga ganyen, sai na ce to, ni dai abin da nake da shi zannuwa ne."

Sai a lokacin na fahimta. Tabar wiwi take nufi. An taɓa nuna mana hotonta a makaranta ana gargaɗinmu, kuma da na tuno hoton sai na ga lallai, yatsun ganyen kusan iri ɗaya ne. Wato duk makonnin nan matar nan ta ɗauka muna aikata laifin da zai iya kai mu kurkuku, kuma abin da ta yi shi ne ta tashi da sassafe, da ciwon bayanta, ta yi mana labule.

Na rasa yadda zan yi bayani, kalmomin Turancin duk suka gudu. Sai na ce ta zo. Na ja ta har bokitan, na tsinki sabon ganye daga can sama inda babu fari, na wanke shi a kofin ban ruwa, na gutsiri rabi na tauna, na miƙa mata rabin. Ta shinshina tukuna. Ta murza a yatsu ta sake shinshinawa, goshinta ya tattare. Sannan ta sa a baki. Tsamin rama ya kama ta, ta runtse ido, ta tsuke baki kamar jaririn da aka ɗiga wa lemon tsami.

"Wannan ai," ta ce, ta kasa ƙarasawa. Ta dafa ƙarfen baranda ta fara dariya, dariyar ta ƙi tsayawa, har ta koma wani abu daban, ta zaro hankici daga hannun rigarta tana share ido. "Kuma ni ce nake kashe muku shi. Ya Ubangiji. Ni da na ɗauka taimako nake."

Hayaniyar ta tashi Umma. Ta fito tana dafa bango, ta gan ni tsaye da Mai Kyanwa, ta ce, "Lafiya? Me kika yi mata?" Na mayar mata da labarin da Hausa, ina yi ina haɗiye rabin kalmomin. Ta kalli zanen, ta kalli tsohuwar. Turancin Umma ba shi da yawa, kuma ba ta nemi ko kalma ɗaya daga cikinsa ba. Ta miƙa hannu biyu ta riƙe hannun matar, ta daɗe ba ta saki ba.

A take muka kwance igiyoyin, ni da ita. Ta ce in rarraba bokitan kada ganyen su dinga taɓa juna, ɗaya ma a gaban ƙofarta muka ajiye shi don can ya fi samun iska. Ta shiga ciki ta fito da wani famfon feshi na tagulla, na mijinta, da yake fesa wa tumatirinsa. Ya fi kwalbar gugar Umma nesa ba kusa ba, feshinsa laushi kamar hazo. Daga ranar ita ke riƙe mini ganye ina fesa ƙasansa, tana toshe hanci tana cewa wannan mai ko shaiɗan ya shaƙa sai ya yi ƙaura.

Da Baba ya dawo ya tarar babu zane, ya tsorata. Da ya ji dalili sai ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. "Wiwi? Ni? A ƙofar gidana?" Ya yi dariya, can kuma ya daina, don ya hango abin da zai iya faruwa da wani ne ya fara ganin ganyen ba tsohuwar ba. Ita ma ta hango. Washegari da mai kula da ginin ya zo zagaye, ta tare shi da kanta, ta kawo shi gaban bokitan, ta ce kayan miyar maƙwabtanta ne, kuma sai da ta tilasta masa ya tauna ganye ɗaya. Ya tafi yana tofar da yawu, bai sake waiwayar mu ba.

Rana da iska suka ƙarasa abin da man darbejiya ya fara. Tsofaffin ganyen ba su warke ba, amma sababbin da suka fito kore ne shar, babu ko ɗigon fari. Na daina feshi na ɗan lokaci kafin mu tsinka, kuma ranar da muka tsinka na wanke su ruwa bayan ruwa, ina tuna maganar shuwaka. Hajiya ta matse markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba har mai ya fita, ta soya mana ƙuli-ƙuli, muka daka a ƙaramin turmin Umma a kan tawul don kada na ƙasa su yi ƙorafi. Umma daga kujera take ba da umarni: a tafasa, a zubar da ruwan farko, a matse sosai, albasa kada ta yi yawa. Duk tulin ganyen nan da ya cika roba, da aka gama bai wuce cikin ƙaramin kwano ba.

Muka kewaye ta muna yi kamar ba kallonta muke ba. Ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta ɗebo kaɗan. Ta daɗe tana taunawa, idonta a rufe.

"Gishiri bai ji ba," ta ce.

Baba ya tashi da gudu har yana ture kujera. Aka ƙara gishiri, ta sake kai hannu, ta kuma sakewa. Ba ta cinye ba. Ta raba abin da ya rage biyu, ta zuba rabi a faranti, ta ce, "Kai wa kakarki." Na tsaya ina kallonta, sai ta nuna bango da haɓa. Daga ranar sunan Mai Kyanwa ya mutu a gidanmu.

Kaka ba ta karɓi farantin a ƙofa ba. Ta ɗauko cokalinta ta biyo ni, ta zauna kusa da Umma tana ci tana hawayen barkono, tana cewa yana da daɗi, Hajiya tana ce mata da Hausa, "Ƙarya kake, tsoho, sha ruwa."

Ba zan ce rama ce ta warkar da Umma ba. Jinyar ta yi tsawo, akwai ranakun da ta koma ture kwano. Amma daga wannan kwaɗon bakinta ya buɗe, kuma da ranar awon ta zo, likita ya ce ta koma gida. Ramar ta ba mu wani kwanon kafin sanyi ya kashe ta, ba ta kai ga yin iri ba. Kaka kuwa ta zama mai zama da Umma in ina makaranta, ɗaya na saƙa, ɗaya na gyangyaɗi, ba su da harshe ɗaya kuma ban taɓa ganin hakan ya dame su ba. Shekarar da muka tashi daga ginin, ta kawo wa Umma zanen mai shuɗin fure a ninke. Yana wurina yanzu. Ƙanshin kafur ɗin ya daɗe da fita.

Na girma na ga mutane iri-iri, kuma na lura kyautata wa wanda ka yarda mutumin kirki ne ba ya da wuya. Ita wannan mata ta ɗauka masu laifi ne mu, amma ta duba ta ga mara lafiya kafin ta ga laifin, ta rufa mana asiri da abin da take da shi. Mu kuma muna ta bayan zanen muna cewa ƙiyayya ce. Da na bi kunyata na yi shiru, da ramar ta mutu a inuwar alherinta, mu kuma mu rabu da ita muna jin haushinta har abada. Tun daga lokacin, in wani ya yi mini abin da ya yi kama da wulaƙanci, nakan tuna busasshen zanen nan, in daure in je in ƙwanƙwasa ƙofa in tambaya.